Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Jinjina ga Gyaran HVX na Bob Hoover

Da za a ce in ɗaga dabara ɗaya tak cikin duk abin da masu ƙera jirgin sama a gida suka ƙirƙiro, ba sai na yi dogon tunani ba: gyaran HVX na Bob Hoover zan ɗaga, in ɗaga shi da hannu biyu. Wallahi mutumin nan ya isa a sara masa. Ba sabon inji ya ƙera ba, ba kuma wani ƙarfe mai tsada ya ce a yi oda daga Jamus ba. 'Yan ramuka ne da 'yan tsagogi da ake yi a cikin tsohon injin Volkswagen Beetle, don baƙin mai ya samu hanyar isa inda wuta ta fi ci. Shi ke nan fa. Amma duk wanda ya gane aikin waɗannan ramuka ba zai ƙara yi wa baƙin mai kallon da yake yi masa a da ba.

Kada a haɗa shi da takwaransa, shahararren matuƙin nan mai wasa da jirgi a sararin sama wanda ya rasu a 2016. Namu Robert S. Hoover ne, tsohon sojan ruwan Amurka da ya zauna a garin Vista na jihar Kalifoniya, ya shafe shekaru da baƙin mai a farce, yana haɗa injunan Volkswagen yana rubuta abin da idonsa ya gani, har rasuwarsa a 2010. Zane-zanensa da bayanansa kyauta ya bar wa jama'a. Rubutun kuwa na tsohon bakanike ne da ƙaryar 'yan talla ta kai shi bango: ba lallashi, ba kwana-kwana, in abu shirme ne zai ce maka shirme ne, sannan ya zaunar da kai ya nuna maka dalili da ma'auni. Irin malamin da zai yi maka tas, ka tashi kana godiya.

Mai karatu zai iya cewa, me ya kai injin Beetle jikin jirgi tun farko? Talauci da basira. Injin jirgi na asali, irin Lycoming ko Continental, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashi. Injin Beetle kuwa ga shi a kowace bola, don motar sai da aka ƙera sama da miliyan 21 kafin a rufe ƙera ta a Puebla ta Meziko a 2003, mu ma nan an harhaɗa mana ita a Legas tun 1975. Ga shi mara nauyi: bulok na magniziyam, tof-silinda na alminiyam, silinda huɗu a kwance biyu na kallon biyu, ba lagireto, ba ruwa, iska ce take sanyaya shi, daidai da tsarin injunan ƙananan jirage. Tun a shekarun 1950 Bafaranshe Roger Druine ya ɗora shi a ɗan jirginsa Turbulent. Daga baya Amurkawa suka karɓe: Bud Evans da Volksplane a 1968, John Monnett da Sonerai a 1971, Ken Rand da KR-1 a 1972. Kamfanin Sonex na Oshkosh ma ya fito da AeroVee, mai cc 2,180, da aka rubuta masa ƙarfin doki 80 a juyi 3,400 cikin minti, kamfanin Revmaster ma ya yi nasa.

To amma akwai wani abu a ƙasa. Mota a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ta cin ko rabin ƙarfin injinta. Direba ya taka totur ya saki, ya tsaya a danja, ya gangara, inji na samun numfashi. Injin jirgi kuwa tamkar motar da ta kama Hawan Kibo da cikakken lodi ne, hawan kuma ba ya ƙarewa: cikakken totur wajen tashi, sannan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa awa da awanni. Fetur ɗin da ake ƙonawa kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal yake zama ƙarfin juya farfela. Sauran duk zafi ne. Wani ya bi salansa ya fita, wani ya maƙale a tof-silinda yana jiran a kwashe shi. In ba a kwashe ba, alminiyam ya fara saki da zarar ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Sai tsaga ta bayyana tsakanin ramin filogi da mazaunin bawul. Sai bawul ɗin hayaƙi, wanda shi ne ƙarfen da ya fi kowanne shan wuta a inji, ya fara miƙewa, 'yar tazarar milimita 0.15 da aka saita masa ta rufe, ya daina zama daram a mazauninsa. A mazaunin nan kuwa yake sauke mafi yawan zafinsa. Daga nan sai kansa ya guntule ya faɗa kan fistin. A mota sai ka gangara gefen titi ka kira bakanike. A sama fa?

Nan ne Hoover ya burge ni, ya gama da ni. Kowa na kallon iska, shi sai ya juya ya kalli mai. Ya ce baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, dako yake yi: ya je inda zafi yake, ya ɗauko, ya kai lagireton mai ya sauke, ya koma. To in haka ne, nawa ne daga cikinsa yake isa tof-silinda a injin Beetle yadda kamfani ya ƙera shi? Amsar ta ba da kunya. Bi hanyar da kanka ka gani. Famfo ya zuƙo mai daga ƙasan bulok ta cikin rariya, ya tura shi babbar magudanar da ke ɓarin hagu, daga nan ya rarrabu zuwa mital na karanshaf da na kamshaf. Wanda zai je tof-silinda sai ya shiga cikin tafet, ya bi ta ramin da ke tsakiyar sandar tura bawul, ya fito a roka, sannan ya gangaro ta bututun sandar ya koma ƙasa. Matsala ta farko: tafet hawa da sauka yake yi, kuma sai lokacin da tsagin da ke jikinsa ya zo daidai da bakin magudana mai yake shiga. Ɗan ƙanƙanin ɓangare ne na kowane zagaye, sauran lokacin ƙofa a rufe take. Matsala ta biyu: ɓarin dama na bulok ba shi da tasa babbar hanyar, ta wata siririyar mashiga a mazaunin kamshaf yake samun rabonsa. Abin da ke isa roka ya isa ya hana ƙarfe cin ƙarfe a motar da ke zuwa kasuwa. Bai isa ya kwashe zafin injin da ke ɗauke da mutum a sama ba.

Sai gyaran. Kai, Allah ya yi wa mutumin nan kai! A bulok, a ɗauki dogon siririn ƙarfen huda a zarce da magudanar ɓarin dama, a haɗa ta da wani mazaunin kamshaf ɗin, ɓarin ya samu mashiga ta biyu. A tafet, a yanka 'yar gajeriyar hanya da za ta haɗa tsagogin da suka zagaye jikinsa, ta yadda ko yana sama ko yana ƙasa mai na shiga ba yankewa. A sandar da rokoki ke juyawa a kai, a yi tsagi don mai ya zagaya ya wadaci kowace roka. A rokar kanta, a buɗe hanya har zuwa kusar saiti, a sa irin kusar nan mai ƙafa mai juyawa, mai ya riƙa fesowa kan wutsiyar bawul da sifirin ɗinsa. Ka lura da jerin: kowane mataki buɗe ƙofa yake yi ga na gabansa. Ba a ƙara wa inji nauyin ko giram ɗaya ba, rage masa ma aka yi. A jirgi, inda ake faɗa a kan kowane kilo, wannan kaɗai ya isa a yi guɗa.

Hoover bai taɓa cewa shi ya ƙago ilimin ba, wannan ma na cikin abin da ya sa nake ganin girmansa. Cewa ya yi injunan zamani haka suke, masu tseren mota ma sun daɗe suna irin wannan, shi dai ya tattara ne ya mayar wa tsohon zanen shekarun 1930 abin da aka gano bayansa. Gaskiya ne kuwa. Lycoming na fesa mai a ƙarƙashin fistin a wasu injunansa don sanyaya shi. Tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya da iska, jikar Beetle, da mai mai yawa da babban lagireton mai ta rayu. Ita Volkswagen da kanta ta gane akwai gyara: a 1971 ta fitar da lagireton mai daga gaban silinda ta uku, wadda ya daɗe yana tare wa iska har bawul ɗinta ya yi ƙaurin suna wajen ƙonewa, kuma injunan ƙarshe na Meziko da filta ta gaske suka fito.

Ban iya haƙuri da karatu kawai ba. Na ɗauki zanen na kai wa wani dattijon bakanike da ya yi zamani da Beetle tun tana motar malaman makaranta, yana kuma da wani tsohon inji a ƙarƙashin benci da ƙura ta rufe. Na miƙa masa tafet na ce, "Baba, ka ga wannan tsagin da wannan? Cewa ya yi a haɗe su." Ya karɓa, ya goge da gefen riga, ya ɗaga shi saitin haske, ya zura shi a raminsa yana turawa sama da ƙasa da ɗan yatsa, yana leƙen bakin magudana. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Ikon Allah. Wato duk bawul ɗin da muka yi ta canja wa mutane, har da ƙishirwa a ciki? Kai yaro, miƙo min dutsen yanka." Injin mota ne, da fankarsa da komai, bayan mun gama gyaran a kan benci muka tayar da shi, murfin bawul a cire. Duk wanda ya taɓa yin haka da Beetle ya san abin da ake gani: mai na tsattsafowa a roka kaɗan-kaɗan, sifirin kusan a bushe. Wannan karon kuwa sai da muka ja da baya. Mai ya jiƙe rokoki, ya wanke sifirin, yana tsiyaya ta gefen tof-silinda yana ɗiga ƙasa, wani na fallatsa mana a riga. Baba ya tara tafin hannu a ƙarƙashi, ya janye da sauri yana yarfewa yana dariya. Zafin da ya ƙona masa hannu, da a jikin alminiyam zai zauna.

Sai dai zafin da mai ya ɗauko dole a samu inda za a sauke shi, in ba haka ba an kwashe wuta ne daga ɗaki an kai zaure. Shi ya sa HVX ba ya tafiya shi kaɗai, kuma Hoover bai ɓoye wannan ba. Injin Beetle lita biyu da rabi na mai yake ɗauka, ba shi da filta sai rariya, dalilin da ya sa ake juye masa mai duk bayan kilomita 5,000. Mai haɗa injin jirgi sai ya toshe mafitar famfo ta asali, ya sa murfi mai bututu, ya fitar da man gaba ɗaya waje ya bi ta filta, sannan ya huda bulok ya mayar da shi babbar magudana. Lagireton mai kuma a ba shi iskarsa ta kansa, mashiga da mafita, ba a rataye shi a lungu ana fatan alheri ba. Abin da ake nema mai ya zauna tsakanin digiri 80 da 100. Ƙasa da haka ruwan da ke taruwa a ciki ba zai ƙone ya fita ba, sama sosai kuma mai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa. Lycoming digiri 118 ta sa a matsayin jan layi. Ga kuma wani tarko da ke kama masu zumuɗi: sayen ƙaton famfo mai haƙoran milimita 30 da tunanin yawan matsi shi ne lafiya. Injin Beetle da matsi yake gane ko mai ya yi zafi. In matsi ya yi yawa, ɗan bawul ɗin da ke gadin hanya ɗauka yake man da sauran sanyi, sai ya kauce da shi daga lagireto. Ka ga an kashe kuɗi an sayo zafi. Famfon milimita 26 ya wadatar da mafi yawan injuna.

Iska kuma har gobe ita ce babbar mai dako. A jirgi an cire fanka da rigarta, iskar gudu da ta farfela ake tarawa a saman inji a tilasta mata bi ta tsakanin siraran haƙarƙarin nan na jikin silinda, irin waɗanda ake gani a injin babur. Iska malalaciya ce, in ta ga kafa ko ta shigar ɗan yatsa ce, nan za ta bi ta bar haƙarƙarin. Don haka sai an yi shingen faranti ya rungumi silinda, an bi kowace kafa an liƙe, mafitar ƙasa kuma ta fi mashiga faɗi. Gwajin ma abin sha'awa: siririn tiyo mai haske a lanƙwasa shi, a zuba ruwa, baki ɗaya a saman inji, ɗaya a ƙasa. Tazarar da ruwan ya yi tsakanin ɓangarorin biyu ita za ta gaya maka ko iska na ratsa inji ko zagaye shi take yi. Kayan aikin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, yana faɗin gaskiyar da ma'auni mai tsada ba zai faɗa ba.

Abin da ya fi komai sa ni ƙaunar Hoover shi ne maganar da masu sayar da inji ba sa son ji. Ya dage cewa ƙarfin da injin Beetle zai iya riƙewa na dogon lokaci ba girman silinda ke yanke shi ba, faɗin haƙarƙarin tof-silinda ne. Ka faɗaɗa silinda daga milimita 85.5 zuwa 92, cc 1,584 ya koma 1,835. Ka ƙara tsawon bugun karanshaf daga 69 zuwa 82, ya koma 2,180. Amma tof-silinda na nan yadda yake, haƙarƙarinsa ba su ƙaru ba. A lissafinsa, wajen doki 40 ne abin da waɗannan haƙarƙari za su iya sauke zafinsa ba dare ba rana. Doki 80 gaskiya ne, amma na 'yan mintocin tashi ne, kafin alminiyam ya ƙoshi da zafi. Masu jayayya sun yi ta jayayya da adadin, wasu da jiragensu da suka daɗe suna tashi lafiya a matsayin hujja, kuma ban ce ba su da abin faɗa ba. Amma ajiye tof-silinda na Beetle kusa da na Continental ka dubi yawan haƙarƙari da zurfinsu, za ka ga inda maganarsa ta dosa. Bai kuma tsaya ga ƙorafi ba, sai da ya shiga gwajin yi wa tof-silinda waldar ƙarin haƙarƙari. Mutum ne da in ya nuna maka rami sai ya ɗauko shebur.

Mu da muke ƙasar zafi ya kamata mu fi kowa kasa kunne. Duk alƙaluman inji a kan ranar da iska ke digiri 15 a gaɓar teku ake rubuta su. Kano a watan Afrilu tana taɓa 40. Wannan tazarar ta digiri 25 kai tsaye take hawa kan tof-silinda da mai, ga iskar zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela duk ba sa samun abin kamawa sosai, hawa ya yi tsawo, inji ya daɗe a cikakken totur. Kuma kada a ɗauka jirgin haɗin gida baƙo ne a wurinmu: Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don koyar da matuƙan sojan sama, guda 60, daga RV-6A na kamfanin Van's ya samo asali, ɗaya daga cikin jiragen haɗin gida mafi farin jini a duniya, duk da cewa shi injin Lycoming ne a gabansa.

Ina da ƙorafi? Ɗan kaɗan, shi ma don kada a ce so ya rufe mini ido. Mai ya yawaita a tof-silinda, to gasket ɗin murfin bawul sai an sa shi da kyau, numfashin bulok ma sai an gyara, in ba haka ba cikin jirgi zai yi kaca-kaca. Wani zai ce ya yi gyaran amma allurar zafi ba ta sauka yadda ya zata ba. Ai allurar a ƙarƙashin filogi take ji, man kuwa a wajen wutsiyar bawul da mariƙinta yake aikinsa, inda ba allura. Shaidarsa tana fitowa ne ranar saitin bawul, in ka zura ma'auni ka tarar tazara na nan inda ka bar ta, roka ba ta cinye ba. A Amurka jirgi mai irin wannan inji yakan yi awa 40 na gwaji kafin ya fara ɗaukar fasinja, kuma a waɗannan awanni littafin saitin bawul ya fi kowace allura gaskiya.

Hudar bulok ita ce wurin da ba a wasa. Ba kowane bulok ne ke da isasshen nama a wajen ba, ƙarfen huda ya ɗan karkace sai ya ɓullo ta bango, an yi asarar bulok. A auna, a sake aunawa, a fara koyo a kan mataccen inji. Bayan an gama, a cire duk toshiyar magudanun, a yi musu zare, a bi kowace hanya da buroshi da sabulu da iska mai matsi har sai farin ƙyalle ya fito fari, don ɓurɓushi ɗaya ya isa ya cinye mital. Garin magniziyam ɗin da ya zuba kuma a share shi nan take, a nisanta shi da tartsatsin dutsen yanka, domin kamawa yake da wuta fara fat, ruwa kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Bokitin busasshen yashi ake ajiyewa kusa da benci.